Cajin Waya da Gwiwar Goggo

Da aka yi wa Goggona aiki a gwiwa, ta yarda a ba ni ɗan guntun tantanin cikin gaɓar don binciken karatuna. Manomiya ce a Hunkuyi, ciwon ya raba ta da gona.

Na raini ƙwayoyin tantanin a ɗakin gwajin jami'armu, cikin kwalba mai ruwan abincinsu. Da farko suna yawo a ruwan, daga baya suka manne a gindin kwalbar, suka miƙe sirara kamar zare, suna hayayyafa. Ɗumi irin na jikin mutum suke so, shi ya sa nake ajiye su a na'urar ɗumamawa.

Wata Litinin na tarar da na'urar ta yi sanyi ƙalau. Ƙwayoyin sun saki kwalbar, sun dunƙule, sun mutu. Ashe ran Juma'a wani babban malami ne ya zare ta daga soket ya sa cajin wayarsa, ya tafi bai mayar ba.

Na same shi a ofis. Na ce, "Malam, sai da aka yanka gwiwar mutum aka samu waɗannan!"

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "To, ki samo wasu mana."

Na ɗaga murya, na amayar da abin da ke cikina. Washegari shugaban sashe ya ce na yi rashin kunya, in je in ba malamin haƙuri. Na je, na durƙusa ina cije haƙora. Har yau in na tuna durƙuson nan sai zuciyata ta tafasa.