Baba Jaji da Ragowar Tagullar Karantina

Kullum da sassafe Baba Jaji yakan fito daga gidan haya a unguwar Madain Fahd, can ƙasar Larabawa, ya jira motar ma'aikata. Ba ya sauri, gwiwoyin ma ba za su yarda ba. Motar kan sauke shi a wani filin koyon harbi da ke bayan gari, inda yake da ɗan ɗaki mai tebur ɗaya da magagarai kala-kala. Aikinsa gyaran saitin bindiga, wato ɗan tsinin nan na baki da 'yar tsagar da ke baya, waɗanda mai harbi yake daidaita ido a kansu. Abin bai fi ƙwayar dawa ba, amma a kansa mutumin nan ya tsufa.

Haifaffen unguwar Karantina ne. Ranar da rusau ya iso layinsu, mutane na ta kwasar firiji da katifu, shi kuwa ya tsaya kwance mariƙin tagulla na ƙofar gidan mahaifinsa. Har yau 'yarsa Mastura tana yi masa tsiya a kai. Daga wannan mariƙi yake yanko ɗan ɗigon da yake dasawa a kan tsini don ya kama haske. Abokan aikinsa sun shaida bai taɓa harba ko harsashi ɗaya ba. In an tsokane shi sai ya ce, "Ni ƙarar ma ba na so."

Sai yanar ido ta kama shi. Ya ɓoye iya ɓoyewa, har aka gane, aka ce ƙarshen wata ya ajiye aiki ya huta. Bai yi musu ba, ya gaji. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: bindigar wani dattijo mai suna Turki, kwaikwayon irin ta da, mai hannu a ƙasa da ake ja a mayar kafin kowane harbi. Shi ma Turki idonsa ya yi rauni, tsinin ya daina fito masa, har yana shirin rataye ta a bango.

"Abuya, halas mana, ya isa haka," in ji Mastura da ta ga yana laluben takalminsa. "Kai da ko lambar mota ba ka gani?"

"Ya binti, na karɓi aikin mutum. Ba zan fita daga ɗakin nan in bar karkatacciyar bindiga da sunana ba."

Da yatsa ya yi aikin. Ya buɗa tsagar baya kaɗan, ya goga, ya shafa, ya sake gogawa. Ya yanko abin da ya rage na tagullar, ya dasa. Sau da yawa ɗigon ya suɓuce masa, ya durƙusa yana shafa ƙasa. Wani abokin aikinsa da ya leƙa ya gan shi a haka ya ce shi kansa sai da ƙwalla ta zo masa.

Ranar gwaji Baba Jaji ya tsaya bayan Turki, ya ƙi sa abin toshe kunne. Farantin ƙarfen da ake harbi yana can nesa, a wurinsa duk hazo ne. Turki ya ja hannun, ya mayar, ya harba. Farantin ya amsa da ƙara.

"Ya Ammi Jaji! Ka gani?" in ji Turki.

"Ban gani ba," in ji shi. "Amma na ji. Yalla, ƙara ɗaya."

Kai ne, Baba Jaji, ka yi shekaru kana gyara wa mutane gani har naka ya tafi. Kai ne ka raba ƙofar gidanku ɗigo-ɗigo ga waɗanda ba su ma san daga ina ta fito ba. Mun gode, Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar idon nan. Mu kuma masu ƙananan ayyuka, kada mu bar su a karkace don mun gaji.

Yanzu yana zaune a gida, yana jiran ranar aikin ido da likita ya sa masa. Kwanan baya Mastura ta wanke rigar aikinsa, ta sa hannu a aljihun da tagullar take zama, ba ta sami komai ba.