Katin da Na Aika wa Inna

Ni fa rediyo ba a makaranta na koye ta ba. A bayan akwatin rediyon Babanmu na koye ta, da tsinken tsintsiya da wata 'yar wuƙa da na mayar sukundireba. An haife ni cikin tsuke bakin aljihu, cikinsa kuma na tashi, saboda haka a gidanmu a ƙauyen Kara ba a yar da batir. In ya yi sanyi sai a shanya shi a rana, ko a ɗan daddaka shi da dutse, ya ƙara maka kwana biyu. Inna kullum mita take, wai na cika mata tabarmar shanyar kuɓewa da tarkace.

Kawuna, ƙanen Baba, ya yi zaman birni yana saurayi, shi ya fara ba ni tarihi. Ya ce rediyon farko da manya suka ba shi labari a Kano akwatin katako ne a rataye jikin bango, waya ce ke kawo maganar daga gidan rediyo. Ba ka murɗa tasha, ko ka kunna ko ka kashe, shi ke nan! Daga baya mai batir ta zo, makiyayi ya rataya a kafaɗa, manomi ya jingina a gindin kuka. Sai ga FM a zamaninmu, murya tas kamar mutum na gefenka, amma ba ta iso mana sosai sai na ɗaure waya a kan gora na kafa a bayan ɗaki.

Abin da ya fi tafiya da ni shi ne shirin gaishe-gaishe na bayan la'asar. Za ka sayi kati a tashar Gwarzo, ka rubuta mutanenka, ka ba direban motar Kano, ya bi ta Kabo ya kai birni. In Allah ya yi, ka ji sunanka a iska.

To ga inda gizo yake saƙar. Ni ne ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. "Yayanku" take cewa, kuma ƙanwata take gaya wa ko da ina tsaye a gabanta. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka ta tarar ana yi. Ni kuma na sa wa raina sai na gaishe ta ta hanyar da ba za ta iya kau da kai ba, in ga ko za ta karɓa.

Katin farko na bi tsari yadda kowa ke yi: Baba, sai Kawu, sai Malaminmu na Islamiyya, sai danginmu na Masanawa gida-gida, mata a ƙarshe. Mai gabatarwa ya karanto mutum bakwai ya ce "da sauransu". Inna ta tafi cikin sauransu. Kawu ya yi sati yana yawo da sunansa a majalisa, ni kuwa ko abinci ban ji daɗinsa ba.

Shekarar ce aka kawo Shari'a, sai raɗe-raɗi ya cika gari wai za a daina sa kiɗa, shirin ma ƙila a rufe shi. Ba wanda ya san gaskiyar maganar, amma ni ta hana ni sukuni. Ranar kasuwa na sake sayen kati. Wannan karon mutum ɗaya na rubuta. Da na zo wajen suna hannuna ya tsaya, don wane ɗa ne zai rubuta sunan mahaifiyarsa a karanta wa duniya? Sai na sa: Innarmu mai ƙosai, Kara.

Direban ya juya katin gaba da baya ya ce, "Kai yaro, kati guda don mutum ɗaya? Sa ni mana a ƙasa, ga fili kamar gonar gado."

Na ce masa filin na Inna ne.

Sati uku ina jira. Kullum da hantsi in jera batir a rana, kullum bayan la'asar in ɗauko rediyon Baba in ajiye kusa da murhun da Inna ke suyar yamma, in ce a nan ta fi kamawa. Baba ya san ƙarya nake, shi da ya ga inda na kafa gorar, amma sharaɗinsa kawai kar batir ya mutu kafin labaran duniya.

Ranar wata Talata, Goggo, yayar Baba, tana zaune tana tsince wake, sai muryar rediyon ta fara ja da baya. Na ciro batir na murza a tafin hannu na mayar. Tana dawowa sai na ji sunana, cikakke, har da na Baba. Mai gabatarwa ya yi dariya ya ce yau ga wani da bai tara jama'a ba, Innarsa kaɗai yake gaisarwa, mai ƙosai a Kara ta ƙasar Gwarzo. Ya ƙara da nasa, ya ce Inna a soya da kyau, suna nan tafe.

Goggo ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Yaran da suka zo sayen ƙosai suka hau tsalle. Ni Inna nake kallo. Ba ta ɗago ba. Ta ajiye matsami, ta gyara ɗankwali, ta shige ɗaki kamar ta manta wani abu. Ƙosan da ke cikin mai kuwa ya yi baƙi ƙirin, abin da ban taɓa gani a hannunta ba.

Goggo ta bi ta da tsiya daga bakin ƙofa: "Fito mana, Hajiyar rediyo! Mutanen birni na hanya, ga ƙosai ya ƙone."

Daga ciki Inna ta ce, "Kai, Yaya, ki bari don Allah." Amma muryar da dariya a cikinta, na ji.

Har aka yi magariba Inna ba ta bari mun haɗa ido ba. Na fara tunanin ko na kunyata ta ne a gaban mutane. Matan unguwa sai shigowa suke suna mata barka, ita kuwa sai cewa take aikin yara ne.

Washegari da hantsi na fito neman batir ɗina ban gan su a taga ba. Can na hango su a kan tabarmar kuɓewa, an ture kuɓewar gefe, an jera su huɗu reras a inda rana ta fi bugawa. Inna na tankaɗe, ta ba ni baya. Sai ta kira ƙanwata ta ce, "Tambayi yayanku, shirin nan nasu ana maimaita shi ne?"

Na ce wa ƙanwata ta ce ana yi, ranar Asabar.

Inna ta ce, "To ki ce masa ya ƙara wa gorar nan tsawo. Jiya rabin maganar shuu ce."

Shirin kuwa ba a rufe shi ba. Ranar Asabar Inna ba ta ɗora mai a wuta ba sai da aka gama maimaita shi.