Rawar Kulu ta Jidda

Shekara tara ke nan cur da rasuwar yayata Kulu, wadda matan Gummi suka fi sani da Kulu ta Jidda. Ni ce mai kaɗa mata ƙwarya. Shekara goma sha huɗu na yi a gefen tabarma ina bin ƙugunta da ido, don da shi take ba ni umarni.

Aikatau ne ya kai ta Jidda. A gidan da take wanki akwai wata kuku 'yar Masar, ita ta koya mata rawar ƙugu a kicin, da tiren shayi a ka. Kofi bakwai ta fasa kafin kafaɗunta su iya tsayawa cik, ƙugu yana aiki. Daga can ta zauna Yamai shekara guda, ta ɗauko lanƙwasar hannu ta Zabarmawa, ta dawo ta haɗa da takun Fulanin Bukkuyum. Da farko dariya aka yi mata, har da ni. Na ce, "Yaya, wagga rawa ce ko ciwon ciki?" Ta harare ni ta ce in kaɗa. Ba ta taɓa yi a gaban namiji ba, amma cikin shekara biyu matan Anka ma aikowa suke yi.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga bukukuwan yanzu. Ƙauyukanmu an daina kiɗa, domin mutanen daji in sun ji ƙwarya sun san akwai taro, akwai kayan ɗaki. Kulu kuwa ko raɗa ba ta iya ba.

Watan jiya 'yarta Saratu, da ke aure kusa da Zugu, ta kira ni kan bikin ƙanwar mijinta. Ta ce, "Inna, ki taho da ƙwarya. Ina son in yi rawar nan ko sau guda kahin in mance ta." Na ji tsoro ƙwarai, amma na hau kabu-kabu da ƙwaryar a buhu.

Mijinta ya ce sai dai da rana, a ɗaki, ƙofa a rufe, ba guɗa. Bayan azahar muka shiga mu takwas. Na rufe ƙwaryar da zane ninki biyu, na kaɗa da yatsu. Saratu ta ɗaura gyale a ƙugu ta fara, sai na ga Kulu sak, hawaye ya zubo mini.

Sai muka ji babura, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na tsayar da kiɗa, Saratu ta durƙusa. Amarya ta dafe baki, surukar Saratu tana ta salati a hankali. Ƙarar ta matso har bakin zaure, ta wuce. Ashe 'yan kasuwa ne suka dawo daga Nasarawa Burkullu.

Saratu ce kaɗai ta miƙe. Ta ce in ci gaba. Na kaɗa har inda Kulu take sauke kafaɗa kiɗa ya koma sauri, sai yarinyar ta tsaya.

"Nan mahaifiyata tat tsaya da koya min. Mi aka yi bayan nan?"

Yatsuna sun san kowane bugu da ke gaba, amma ban taɓa tashi daga tabarma na gwada rawar ba. Na miƙe da shekaruna sittin na motsa, ba abin da ya fito. Kafin in sake gwadawa ɗan kabu-kabu ya aiko cewa ba ya bin hanyar nan bayan la'asar.

Abin da ya rage na yayata ke nan. Farkon rawar yana jikin Saratu, ƙarshen kiɗan yana hannuna, sauran kuwa mun binne shi tare da ita, ni ina zaune ina kallo shekara goma sha huɗu.