Ɗamarar Abena

A masaukinmu na Kyoto, ƙasar Japan, idan Uwargida Kitagawa ta yaba miki abu, to ki fara tattara komatsanki. Ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya. Wata Tomoe da muka yi aiki tare, turarenta kawai aka yaba. "Ƙamshin nan naki har bakin titi." Kafin wata ya zagayo sai ga ta a ɗakin wanki na ƙasa, inda baƙo ba ya leƙawa. Ni Sumie a gidan nan na tsufa ina kai wa baƙi abinci da shimfiɗa, kuma abin da ya sa na daɗe, ba a taɓa yaba mini komai ba.

Sai ga Abena Morishita. Uwarta 'yar Osaka ce, ubanta mutumin Ghana, tela, ya rasu tana makaranta. Baƙa ce doguwa, mai dariyar da ake ji ta bayan bango. Baƙi kan yi mata Turanci, ita kuwa ta mayar musu da Japanancin birnin Osaka tsantsa har su rasa inda za su sa kansu. Aiki kam ba a magana: durƙuso, zuba shayi, jan ƙofa ba ƙara. Shi ya sa aka ba ta ɗakunan sama na manyan baƙi, waɗanda kowaccenmu ke hari.

Kimono ɗinmu, doguwar rigar gargajiya, iri ɗaya ne, shuɗi mai duhu, gida ke bayarwa. Ɗamara kuwa, faffaɗan ƙyallen da ake naɗawa a ciki, kowa da tata take zuwa. Ba a taɓa faɗin launi ba, don duk mun san toka-toka ake sawa. Abena ta zo da ta kente, saƙin ƙasar ubanta, rawaya da kore da ja. Shi ya ɗinka mata da hannunsa.

Uwargida ta dube ta, ta yi murmushi. "Kai, wannan ɗamara! Daga ƙarshen baranda ake hango ki."

Abena ta sunkuya ta yi godiya, ta hau sama abinta.

Muka ce ai ba ta gane ba, jinin waje ne, ga shi kuma 'yar Osaka, inda yabo yake yabo. To wa zai faɗa mata? Mu 'yan Kyoto ba mu iya ba. Sai mu ma muka shiga yabon ɗamarar, ko za ta farga. Wannan ta ce launin yana wartsake ido, waccan ta ce ita da tsufanta ba za ta iya ba. Abena sai godiya take, mu kuwa kamar mu yi kuka.

Rannan Uwargida ta miƙa mata akwatin katako da hannu biyu. "Ɗan abu ne, ba shi da kyau kamar naki." Ɗamara ce toka-toka, mai tsada. Tomoe ko wannan gatan ba ta samu ba.

Na kasa haƙuri, na ja ta ɗakin canza kaya.

"Ke, kanki ɗaya kuwa? Ba yabonki ake ba!"

"Yaya Sumie, a ƙasar nan fa aka haife ni. Tun ranar farko na ji."

"To don me kike neman jawo wa kanki?"

"Ta buɗe baki ta ce cire, wallahi in cire. Amma ba za ta ce ba. So take in dubi kaina in ji kunya, in ɓoye kenten da hannuna. Launin fatata ma daga ƙarshen baranda ake hangowa, Yaya. Shi kuma wane akwati za a ba ni?"

Ta ɗauko wata siririyar igiya da ta kitsa da ragowar kenten, irin wadda ake ɗaure ɗamara da ita, ta cusa mini a hannu. "Karɓi, ko kya daina kama da damina."

Washegari ta sauko da kententa. Uwargida ta sunkuya mata fiye da yadda take wa baƙi. "Matakalar nan tana wahalar da gwiwa, 'yata. Ki ɗan huta a ƙasa."

Can take har yau, cikin tururi, tana ninke zannuwan gado da ɗamarar ubanta a ɗaure tsaf, ba mai gani sai bango. Ɗakunan sama ni aka ba, kuma ban taɓa jin daɗinsu ba.

Igiyar ta daɗe a aljihun tebur. Shekaranjiya na ɗaura ta, na tura ta can ƙasa yadda da ƙyar ja ke leƙowa. Ina ɗauke da tiren shayi muka haɗu da Uwargida a matakala. Ta tsaya, ta yi murmushi.

"Sumie, wannan igiyar taki ta yi kyau."