Likkafanin Hajiya Lariba a Cikin Kayan Tebur

Har yau ban manta da wata Talata ta farkon watan Maris ba, lokacin ina da wata huɗu da fara aiki a shagon gwanjon taimako da ke kusa da tashar jirgin ruwan fito ta St. George. Na ga ya dace in rubuta muku labarinta, ku 'yan'uwa da kuka shigo aikin nan a bayana, don abin da na gani ranar ba ya cikin abin da ake koya wa sabuwar ma'aikaciya.

Ni dai asalina matar gida ce. Shekara ashirin da biyu ina unguwar Park Hill a ƙasar Turawan nan, daga kicin sai masallaci sai kai yarinya makaranta. Maigidana Alhaji ne mai fita, tasi yake ja. Da Allah Ya karɓi ransa ina da shekara arba'in da bakwai, 'yarmu Zainab ta riga ta yi aure ta koma wata jiha, sai na wayi gari ko katin bas ban iya saye da kaina ba.

Wadda ta tsaya mini ita ce Hajiya Lariba, 'yar Zangon Kumasi, ta girme ni da kusan shekara goma. Ba ta da miji, ba ta da ɗa, ba ta da ɗan'uwa a ƙasar nan. Aikinta kula da tsofaffi, irin wanda ake kwana a gidan tsoho sati biyu ko uku kafin a samu hutu. Duk hutunta na lokacin takabata a ɗakina ta yi shi. Ranar da na fita takaba ta zo da takardar neman aiki, ta ce mini da Hausarsu wadda mace ma "kai" ake ce mata, "Kai 'yar Kano, kuka ya isa. Tashi ka sa takalmi." Ita ta riƙo hannuna har ƙofar shagon.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Mutane suna kawo kayan da ba sa so kyauta, shago ya sayar da araha, abin da aka samu a ciyar da marasa matsuguni. Ta ƙofar baya ake karɓa, a rubuta wa mai kawowa rasit da sunansa da lambar wayarsa saboda haraji, kwafi ɗaya ya zauna a ofishin manaja. Daga nan jakunkunan su shigo ɗakin tantancewa, inda muke raba su uku: na sayarwa, na tsumma, na shara. Manajarmu lokacin Madam Karol ce, Baturiya mai ƙarancin dariya. Ƙarƙashinta akwai Gloria, 'yar Laberiya, shugabar ɗakinmu. Dokoki biyu ne ake korar mutum a kansu nan take: ma'aikaci ya ware wa kansa kaya, ko ya fitar da bayanin wanda ya kawo su.

Ba na zuwa Asabar da Litinin, don haka ranar Talata na tarar da ragowar kayan Asabar, baƙaƙen leda guda biyu. Ina kwance ta farko ƙamshin turaren wuta ya buge ni. Na ce a raina, wata tamu ce ta rage kaya. Na fara ɗagawa: zannuwa, gyale, hijabi. Sai ga wata atamfa mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye, ankon bikin Zainab. Mu goma sha biyu muka yi ankon, amma mutum ɗaya ce ta kai nata wajen wani tela a unguwar Harlem ya yi mata hannu mai tattara irin na 'yan Ghana, muka yini muna yi mata dariya. Hannun ne a gabana.

Na zazzage leda ta biyu a kan tebur. Carbinta, tabaranta da ta ɗaure ƙafarsa da zare, sallayarta, har tukunyar da take dafa wake da shinkafa.

"Gloria, leda nawa suka zo da waɗannan?"

"Biyar. Na gama uku tun Asabar. Mama Amina, lafiya? Kamar kin ga fatalwa."

"Me da me ke ciki?"

"Tsofaffin kaya ne. Sai wani farin yadi mai kyau, dogo, ko ɗinki babu, yana warin maganin asu. Na sa shi a kayan tebur. An ɗaure wasu ƙulle-ƙullen ganye a ciki, na zubar, kada 'yan sanda su ce mun fara wata sana'a."

Na san yadin. Daga Makka ta zo da shi shekarar da ta sauke farali, ta jiƙa shi da ruwan zamzam, ta ƙulla garin magarya da kafur a cikinsa don wankan gawarta. Ta taɓa ciro shi daga ƙasan akwati ta nuna mini tana dariya, ta ce, "Kai za ka naɗe ni. Kada ka bari matan Kumasi su ɗaure ni kamar dokunu, tuwon masararmu na cikin ganye."

Ban san lokacin da na fita cikin shago ba. A layin kayan tebur babu shi. Sai na hango shi a keken sayayyar wata tsohuwar Baturiya, tana layin biya, da takardar farashi maƙale a gefensa. Ni da ban taɓa ɗaga murya a shagon nan ba, na sa hannu biyu cikin keken kwastoma na rungume yadin.

"Baiwar Allah, nawa ne," in ji tsohuwar. "Teburin bikin Ista zan shimfiɗa wa."

Turancina duk ya gudu. Kai kawai nake girgizawa. Madam Karol ta fito daga ofis.

"Amina, saki kayan kwastoma."

"Ba zan saki ba, Madam."

"Kin san abin da dokarmu ta ce."

"Na sani. Wannan ba na tebur ba ne. Tufar da ake binne mu da ita ce. Ta ƙawata ce."

Tsohuwar ta janye hannunta a hankali, ta taɓa goshinta da ƙirjinta yadda suke yi, ta ce mahaifiyarta ma a cikin kwali ta ajiye rigar da aka binne ta da ita. Ta tura kekenta gaba.

A ofis Madam Karol ta rufe ƙofa ta ce in zauna. Ta ce wataƙila ƙawar tawa ƙaura ta yi, ta rage kaya, haka mutane suke yi kullum. Na ce mata, "Mace tana iya kyautar da zannuwanta kaf, amma ba ta kyautar da wannan. In kuma ta mutu, tare suke tafiya. To ga shi a hannuna. Ita tana ina?"

Na kira wayarta, a kashe. Na duba saƙonninmu, sai na ga na ƙarshe muryarta ce, sati biyar da suka wuce, tana tambayar yadda nake fama da tsayuwar aiki. Na saurara a cikin bas ranar, na ce in na isa gida zan amsa. Ban amsa ba. Da na ji ta shiru kuwa, na ɗauka tana gidan wani tsoho ne kamar kullum.

Na roƙi lambar wanda ya kawo kayan. Madam Karol ta ce ba za ta ba ni ba, doka ce. Ta jawo fayil, ta ciro rasit ɗin Asabar, ta kife shi yadda ba zan gani ba, ta buga lambar da kanta, ta buɗe muryar wayar ta ajiye a tsakaninmu.

Mai kula da wani gida ne ya ɗauka, gidan da Hajiya ta kama ɗakin ƙasa bayan ta bar Park Hill. Ya ce ai Mis Adiza ta rasu. Na ce ba ita ba ce, tawa Lariba ce. Ya ce baƙa, gajera, mai haƙorin Makka? A tashar bas ta faɗi da safe, motar asibiti ta ɗauke ta, ba ta kai yamma ba. Yau sati uku da kwana biyu. 'Yan sanda sun zo neman dangi, shi bai san kowa nata ba, mai gida kuma ya ce a share ɗakin.

Shekara goma sha ɗaya muna tare, ban san Adizatu ne sunanta na takarda ba. Lariba sunan rana ne, da shi kowa ya san ta. Sati uku tana kwance a garin da ta raka gawar mutane ba adadi, ba wanda ya ce Allah Ya jiƙanta.

Na tambayi inda aka binne ta. Madam Karol ce ta amsa, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce gawar da ba a zo nema ba, ofishin likitan gawa na birni yakan ajiye ta na wani lokaci, daga nan a kai ta wani tsibiri a binne tare da sauran waɗanda ba su da kowa. Ba wanka, ba salla ke nan. Ta ce ba ta san ko lokacin ya wuce ba. Ta ɗauki waya kuma.

Minti arba'in ana tura ta daga wannan tebur zuwa wancan. Ni ina zaune da yadin a cinyata, ina ta Hasbunallahu, ina kallon bakinta. Can ta rufe kan wayar da tafin hannu ta ce, "Tana nan. Ba a tafi da ita ba."

Ta sa almakashi ta yanke takardar farashin, ta rubuta a littafin shago cewa kaya ne da aka kawo bisa kuskure, an mayar wa mai su. Ta ce in tafi, ta ba ni kwana uku. Ina fitowa ta ƙofar baya na tarar da Gloria tsaye cikin babban bolan ƙarfe har ƙugu, cikin sanyin nan, tana yaga ledojin sharar Asabar ɗaya bayan ɗaya. Ta miƙo mini ƙulli biyu, na magarya da na kafur, ba ta iya duban fuskata ba. Ta ce, "Mama Amina, ban sani ba." Na ce ni da na sani ma me na yi?

Sauran aikin na maza ne da takardu. Limaminmu ya kira 'yan Zango na Bronx, kafin la'asar an samo ɗan yayarta a Kumasi, ya aiko da izini. Ni aka nuna wa hoton fuskarta na ce ita ce. Ranar Juma'a da safe, a gidan shirya gawa na Musulmi, mu uku muka yi mata wanka, ni da mata biyu 'yan garinsu. Jikinta ya yi sanyin da ban taɓa taɓa irinsa ba. Na yanka yadin da hannuna, ya isa har ya yi saura. Bayan an sauko daga masallaci aka sallace ta, sahu ya kai har bakin titi, mutane suna ta tambayar juna yaya aka yi ba su ji ba.

Na koma aiki ranar Talata, kuma na yi shekara shida a ɗakin nan. Abin da na koya shi ne, ba a sanin mutanen aikin nan a ranar da komai ke tafiya daidai. Na ɗauka Madam Karol doka kawai ta sani, ashe ta san inda doka ta ƙare mutum ya fara. Na kuma koyi cewa leda iri biyu ce take shigo mana. Ta mai rai, abin da ya gundure shi ne a ciki. Ta mamaci kuwa komai ne, har abin da ba mai hankalin da zai bayar: buroshin haƙori, rabin kwalbar magani, makullin ɗaki. In kika kwance irin wannan, 'yar'uwa, kada ki fara rabawa uku. Ki fita ƙofar baya, ki tsayar da wanda ya kawo tun bai tayar da mota ba, ki tambaye shi ko mutanen mai kayan sun sani.