Ranar da Kaka Ta Durƙusa wa Gwamma

Ƙauyenmu yana tsakanin Malbaza da Illela, nesa kaɗan da kwalta, inda in iska ta juyo da yamma akan jiyo kukan manyan motocin siminti suna hawan tudu. Mu Kirista ne, 'yan gidaje kaɗan a gefen gari, da 'yar majami'armu ta laka mai rufin kwano, wadda in ruwa ya sauko ranar Lahadi sai fasto ya haƙura da wa'azi mu yi ta waƙa. Sauran gari Musulmi ne. Rijiya ɗaya muke sha, suna da biki da jana'iza kuma ba a tambayar na wane ne.

Kakata ta wajen uba sunanta Saratu. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana sai da Takwara. Da an gama tuwon dare takan kwashi garwashi daga murhu ta zuba a wani tsohon kasko, ta ɗora karan hatsi a kai, ta jingina bayanta da rumbu. Mu kewaye ta, ni da ƙanena Dauda da yaran maƙwabta, waɗanda sukan zauna har a kira lisha iyayensu su yi ta ƙwala musu kira ta kan danga. Ita da irin tata buɗewar. Takan yi gyaran murya ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "A shigo da ita." Daga nan sai tatsuniya.

Kaka mai kyauta ce, gari duk ya sani. Gonarmu babba ce, kuma a shekarun da damina ta yi kyau rumbunmu ba ya yini a rufe. Cikin masu zuwa gidanmu akwai Gwamma, wata dattijuwa da mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune a wata bukka bayan masallaci da jikarta Dije. Da safe takan zo ta kama wa Inna surfe da daka, in za ta tafi a ba ta dusa da ƙanzo, wata rana a ƙara mata da tiyar hatsi. Ba ta hawa tabarma. A bakin ƙofa take zama, a ƙasa, ta naɗe ƙafafu. Dije kuwa ajinmu ɗaya a lakwal, wato makarantar boko, kuma tsofaffin rigunana take sawa. Ban taɓa wulaƙanta ta ba, amma ina jin daɗin ganin rigata a jikinta. A raina haka Allah ya tsara duniya: akwai gidan da ke bayarwa, akwai gidan da ke karɓa, mu kuma muna na farko.

Sai fara ta zo. Na tuna yinin da sama ta yi duhu da rana tsaka, mata suna buga kwanuka a gonaki, maza suna kunna hayaƙi, duk a banza. Abin da aka girbe bai kai mu ko bazara ba. Baba ya sayar da awaki, ya sayar da keke, daga baya ya bi ta Ƙonni ya ƙetare Najeriya ci-rani, ya ce zai aiko. Aka daɗe ba a ji shi ba. Lokacin da ruwan shuka ya sauka a dubu biyu da biyar, rumbunmu sai ƙura da kashin ɓera. Muka koma cin anza, wadda sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya ragu, da tafasa da Inna ke tsinkowa a bayan gari. Dauda ya daina wasa. Yakan zauna a inuwa yana kallon bango, gashinsa ya fara yin ja.

Inna ba ta yarda kowa ya sani ba. Da yamma takan hura wuta ta ɗora tukunyar ruwa zalla, don maƙwabta su ga hayaƙi yana tashi daga gidanmu. Gwamma ma ta daina zuwa, don babu abin dakawa.

Wata rana da hantsi, mata sun cika hanyar rijiya wadda ta bi ta ƙofarmu, sai muka ji sallama. Gwamma ce. Dije na bayanta da babbar ƙwarya a ka, cike da hatsi, ba a ko rufe da faifai ba. Ashe ɗan Gwamma, wanda ya shekara da shekaru yana yaron mota a motocin siminti ba a jin ɗuriyarsa, shi ya aiko mata da buhu guda.

Inna na hango su ta faɗa ɗaki ta saki labule. Ta ciki ta ce mini a hankali, "Ce musu mun gode, muna da shi." Na tsaya a tsakar gida kamar an dasa ni. Dije tana sanye da shuɗiyar rigata ta bara. Idonmu ya haɗu, ta yi murmushi, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Matan da ke hanya sun rage tafiya, tulunansu a ka, suna leƙe.

Kafin in buɗe baki Kaka ta fito tana dogara sanda. Ta dubi ƙwaryar, ta dubi Gwamma. Sai ta jingina sandar da rumbu, ta dafa ƙasa, ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo a gaban matar da ke cin ƙanzonmu. Ta miƙa hannu biyu.

"Gwamma, Allah ne ya aiko ki," in ji ta, da ƙarfi, yadda na hanya za su ji. "Jiya ba mu ɗora komi ba sai ruwa. Na gode. Na gode, 'yar'uwata."

Gwamma ta rikice. "Haba Saratu, tashi, don Allah tashi! Mi na kawo? Ɗan abin ga?"

"Ba ni tashi sai na gama godiya."

A durƙushe ta yi addu'a, ta gode wa Ubangiji, ta sa wa ɗan Gwamma albarka, ta roƙa masa tsari a kan hanya. Gwamma ta ɗaga hannu tana cewa amin, hawaye na bin kumatunta. Ni dai na gudu bayan ɗaki na rufe fuska. Kaka ta tona mana asiri a gaban gari. Tunanina ɗaya, gobe a lakwal kowa zai ji cewa Dije ce ta ciyar da mu.

Bai ƙare a nan ba. Da suka tafi, Kaka ta ɗebi tiya guda daga ƙwaryar ta ce a kai wa Malam Idi, wani tsoho makaho da ke zaune shi kaɗai kusa da mu. Inna ta fito idonta jajir.

"Iya, ki dubi Dauda. Mu da anka kawo wa sadaka, mu za mu yi sadaka?"

"Na dube shi. Za shi ci, shi ƙoshi. Amma abin da ya shigo gidan ga da alheri, ba ni rufe mai ƙofa."

Da maraice ƙamshin tuwo ya cika gidan, karon farko cikin makonni. Dauda ya ci har yana lasar kwano. Ni na ci, don yunwa ba ta bar ni in ƙi ba, amma kaina a sunkuye.

Daren nan babu yaran maƙwabta. Kaka ta kunna ɗan kara a kasko saboda sauro, ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Dauda kaɗai ya amsa. Ta dube ni. "Takwara, baƙuwa na tsaye." Na ce a shigo da ita, murya ciki-ciki.

Ta ce wai a da can gauraka ne mai tabki. Duk tsuntsun da ƙishi ya kama wurinsa yake zuwa, shi kuwa ba ya hana kowa. Yakan tsaya a bakin ruwa, dogon wuyansa a miƙe, tukkunsa na ƙyalli, ya ce, "Ku sha, ku sha." Cikin masu zuwa har da wata 'yar kurciya, wadda kullum in ta sha sai ta ce, "Mi zan yi maka?" Shi kuwa ya yi dariya ya ce, "Ke? Sha ki tahi."

Sai wata shekara tabkin ya ƙafe ƙaf. Tsuntsaye suka watse. Gauraka ya tsaya a cikin busasshen taɓo shi da 'ya'yansa, ya ƙi matsawa, don kada a ce yana neman ruwa. Kurciya kuwa ta san wani kogon dutse mai nisa inda ruwa ke ɗiga. Ta je ta cika bakinta, ta dawo a gajiye ta sauka a gabansa. Amma ita gajera ce, shi dogo. Ba yadda za a yi ruwan ya kai bakinsa sai ya sauko da kansa har ƙasa. Gauraka ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ga hankaka a kan reshe yana kallo. Ya ce, "Na sha ɗazu." Ruwan ya zube a taɓo. Kurciya ta koma tana kuka. Kashegari ta sake zuwa, ya sake ƙi. Ƙaramin ɗansa ya kwanta, ya kasa ɗaga kai.

Nan Kaka ta tsaya gyara wuta, ta bar mu muna jira. Dauda ya ce, "Ya mutu?"

"Saura ƙiris," in ji ta. "Da kurciya ta sake dawowa, gauraka ya dubi ɗan, ya dubi hankaka. Ya tanƙwasa wuyan nan da bai taɓa tanƙwasawa ba, har tukkunai ya taɓa ƙasa. Ya amsa, ya ba ɗan. Ya ce, na gode."

Wai kurciya don murna sai ta hau reshe ta kama waƙa, abin da ba ta taɓa yi ba. Sauran tsuntsaye suka ji, suka zo tambaya, kowa ya bi ta kogon dutse ya dawo da ɗan abin da bakinsa ya ɗauka. Da haka gauraka da 'ya'yansa suka kai damina. Ran da ruwan farko ya sauka, ya ji zuciyarsa wasai, ya tashi ya yi rawa. Shi ya sa, in ji Kaka, har yau in gauraka zai yi rawa sai ya fara sunkuyar da kai.

"Baƙuwa ta tahi gida," ta ce. "Wanda ya tsinci abu, shi riƙe."

Dauda ya yi barci a cinyarta. Ni ban tashi ba. Na ce, "Amma Kaka, ai sai ki amsa a ɓoye. Don mi za ki durƙusa kowa na gani?"

"A ɓoye Gwamma ke amsar namu?"

Ta gyara wa Dauda kwanciya, ta ci gaba.

"Takwara, Yesu da ya yi ruwan da kansa, ya zauna bakin rijiya ya roƙi wata mata ta ba shi ya sha. Bai ji kunya ba. Ke wace ce? Duk abin da munka taɓa ba Gwamma, ba mu munka yi shi ba, ba mu anka yi. Yau an biyo da shi ta hannunta. Kin ga huskarta da za ta tahi?"

Ban gani ba. Ina bayan ɗaki.

A lakwal ba wanda ya ce mini komai, har Dije. Hatsin nan ya riƙe mu har saƙon Baba ya iso, Dauda kuma ya tashi. Abin da ya sauya shi ne Gwamma. Ta dawo zuwa gidanmu, amma da Kaka ta shimfiɗa tabarma ta ce ta hau, sai ta hau. Sukan zauna su biyu da yamma suna ɓarar gyaɗa, suna tsokanar juna, suna dariya har da tari. Ban taɓa jin dariyar Gwamma ba kafin shekarar nan. Ta Kaka ma, ban taɓa jin ta da yawa haka ba, ko a lokacin da rumbu ke cike.

Yanzu ina zaune a Ƙonni, ina ɗinki, ina da 'ya'yana. Kaka ta rasu 'yan shekaru bayan yunwar. Da na je ƙauye ganin gida bayan aurena, na shiga gaida Gwamma, ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi. Ta riƙe hannuna tana ba ni labarin ƙawarta. Ta ce daren da buhun ya iso ba ta yi barci ba, tana tsoron kada ta kawo a mayar mata da shi.

"Shekaru ina shiga gidanku da kaina ƙasa," in ji ta. "Ba don an taɓa yi min wulaƙanci ba. Amma mutum na son shi ma wata rana a ce mai an gode. Ran nan na koma gida ina waƙa kamar yarinya."

Na fito daga bukkarta da wata kunya wadda ta fi ta farko nauyi. Abin da na ji na yini ɗaya har na kasa ɗaga kai a kan tuwo, ita ta yi shekaru tana ɗauke da shi a bakin ƙofarmu kowace safiya, ina wuce ta da jakar lakwal, ban taɓa lura ba. Na taso ina zaton kyauta ita ce ta mai hali, godiya kuma ta marar hali. Sai a hankali na gane cewa a gaban Ubangiji dukanmu masu karɓa ne, kuma wanda ya iya cewa na gode da zuciya ɗaya ya ba mai kawowa wani abu da ba a aunawa da tiya. Har yau ban iya ba sosai. In wata cikin 'yan koyon ɗinkina ta kawo mini ƙwan zabi daga ƙauyensu, bakina yakan riga ni, in ji ina shirin cewa ta bar shi, ina da shi. Sai in kama kaina, in dubi fuskarta, in karɓa.