Wanda Ya Zo Na Ɗaya Ba Zai Halarta Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan nan, bayan la'asar, aka kira ni daga asibiti aka ce ka cika. Zazzaɓi ne kawai, wanda ka ce min ba komai ba ne.

Tun shekararmu ta farko a sashen shari'a ɗakinmu ɗaya. Sarkin Gardama muke ce maka, kuma ka ci sunan. Ko gishiri aka ce ya yi yawa, sai ka nemi hujja. Amma kai ne mai gyara wa 'yan aji rubutunsu kyauta, kana faɗa kana gyarawa. Ni kaina ka taɓa soke min shafi guda, ka ce, "Malam, wannan surutu ne, ba hujja ba." Na yi fushi, na kuma gyara.

Da aka buɗe gasar rubutu kan dokar ƙwadago, kowa ya ruga laburare, kai kuwa ka tafi ƙofar masana'antar sabulu inda Inna, mahaifiyarka, take ɗinkin buhu. Tun kana goye take aiki a can, amma har yau ma'aikaciyar wucin gadi ce. Da lokacin tabbatar da ita ya matso sai a sallame ta, bayan mako a sake ɗaukarta sabuwa. A kan wannan dabara ka yi rubutunka. Burinka shi ne rubutun ya zo na ɗaya a buga shi a mujallar sashe, wadda alƙalai da lauyoyi ke karantawa.

Ka'idar gasar ita ce a cire sunaye, alƙalanta lamba kawai suke gani. Shi ya sa ba su san ka rasu ba sa'ad da suka ba ka na ɗaya. Ɗayansu har ya rubuta a gefen shafi cewa wannan ɗalibi zai yi nisa. Wayyo!

Sai dai akwai wata ka'idar. Dole marubuci ya tsaya gabansu ya kare aikinsa kafin a buga, in bai zo ba a ba na biyu. Na biyun kuwa ni ne. Na je na roƙi shugaban sashe, ya ce, "Ɗana, doka doka ce." Da kana nan da ka nemi hujja.

Ranar da na je gaisuwa, Inna ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, takardar tasa za ta fito kuwa?" Na ce za ta fito, Inna.

Saboda haka na janye nawa. Ranar Litinin zan tsaya gabansu da naka a hannu, ko su saurare ni ko su kore ni. Ban iya gardama kamarka ba, amma na yi wa Inna alkawari.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Inna da ƙannenka da 'yan ajinmu, Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Amin.